Linzami mai ƙwallo: daga jirgin yaƙi zuwa teburin ofis

A teburin wasu masu yini a gaban kwamfuta, irin masu zanen gine-gine da masu tace bidiyo, akan ga wani linzami da ba ya motsi. Yana zaune wuri ɗaya, tafin hannu na kwance a kansa, a gefe kuma ga ƙwallo ja ko shuɗi ya leƙo waje. Babban yatsa ne ke murza ƙwallon, kibiyar da ke kan allo tana bi. A kasuwa trackball ake ce masa, kuma ana tallarsa a matsayin sauƙi ga mai ciwon wuyan hannu da kafaɗa. Wanda ya fara ganinsa yakan ɗauka sabon yayi ne. Alhali ya girmi linzamin da kowa ya sani da shekara 18, kuma waɗanda suka fara ƙera shi ba lafiyar hannun kowa ce a gabansu ba. Jiragen abokan gaba ne suka hana su barci.

Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, sojan ruwan Birtaniya sun sami kansu cikin wata matsala. Na'urar rada tana nuna jirage ne a matsayin ɗigo-ɗigon haske a kan allo, mutane kuma ke bin ɗigon da ido, suna kiran inda yake, wasu na zanawa da hannu a jikin gilashi. Da jirage masu injin jet suka shigo, sai hannun mai zane ya kasa cim ma saurinsu. Aka ɗora wa wani matashin injiniya, Ralph Benjamin, aikin samo mafita. Bayahude ne da aka haifa a Darmstadt ta Jamus a 1922, ya gudo Ingila yana yaro. Tsarin da ya yi aiki a kansa, Comprehensive Display System, yana buƙatar ma'aikaci ya nuna wa na'ura ɗigon da yake so ta bi, kuma da sandar sarrafawa irin ta matuƙin jirgin sama ake yin haka. Benjamin bai gamsu da sandar ba. A 1946 ya ɗora ƙwallon ƙarfe a kan tayoyi biyu masu rufin roba, ɗaya tana ƙirga motsin hagu da dama, ɗaya tana ƙirga na gaba da baya. An yi rajistar fasahar a 1947, aka kulle ta a matsayin sirrin soja. Samfuri kawai aka ƙera, na'urorin da suka shiga jiragen ruwa kuwa da sandar suka tafi.

Tun da sirri ne, sai da wasu suka sake gano abin da kansu. A 1952 injiniyoyi uku na kamfanin Ferranti reshen Kanada, Tom Cranston da Fred Longstaff da Kenyon Taylor, suna haɗa wa sojan ruwan ƙasar wani tsari mai suna DATAR, wanda zai sa jirage da yawa su riƙa musayar abin da radarsu ta hango ta rediyo, kowane kyaftin ya ga hoto ɗaya. Su ma suka buƙaci abin nuni. Ba su ɓata lokacin ƙera ƙwallo ba, suka ɗauko na wani wasa da mutanen Kanada ke yi, wanda ake gangara ƙwallo a kayar da sanduna biyar. Faɗinsa ya kusa inci 5, da tafin hannu gaba ɗaya ake juya shi. An gwada tsarin a tafkin Ontario a 1953, ya yi aiki, amma na'ura ce mai dubban kwalaben lantarki da ke cin wuri da kuɗi, kuma ƙawayen Kanada ba su saya ba. DATAR ya mutu, ƙwallon ya rayu.

Dalilin rayuwarsa a fili yake ga duk wanda ya san yadda jirgin ruwa ke tangaɗi. Abin da aka ajiye a kan tebur zai zame ya faɗi, shi kuwa ƙwallon a cikin teburin aka dasa shi. Ba ya buƙatar fili, kuma ba shi da iyaka: kana iya murza shi har gobe ba ka kai bakin tebur ba. Shi ya sa ya zauna daram a ɗakunan kula da zirga-zirgar jiragen sama, shi ya sa kuma har yau duk wanda ya shiga ɗakin hoton ciki a asibiti zai ga ma'aikaci ya riƙe abin dubawa da hannu ɗaya a kan cikin mai juna biyu, ɗaya hannun yana murza ƙwallo a tsakiyar na'urar yana auna tsawon ƙashin ɗan tayi.

Linzamin da muka sani ya zo ne daga baya, ta hanya biyu. A Amurka, Douglas Engelbart da Bill English na cibiyar bincike ta SRI sun haɗa wani ɗan akwatin katako mai tayoyi biyu a ƙasa a 1964, suka gwada shi da sandar sarrafawa da alƙalamin haske, har da wata na'ura da ake turawa da gwiwa, akwatin ya yi zarra. Ranar 9 ga Disamba 1968 Engelbart ya nuna shi a bainar jama'a a San Francisco. Amma watanni biyu kafin nan, a Jamus, kamfanin Telefunken ya riga ya bayyana nasa, kuma labarinsa ne ya fi shafar mu. Rukunin injiniya Rainer Mallebrein sun daɗe suna dasa ƙwallo a teburan masu kula da jiragen sama. Da aka zo sayar da babbar kwamfutarsu TR 440, sai suka ga ba kowane mai saye zai yarda a huda masa tebur ba. Suka kifar da na'urar, ƙwallon ya koma ƙasa yana gangara a kan tebur. A 1972 Bill English, wanda a lokacin ya koma cibiyar Xerox PARC, ya maye gurbin tayoyin nasu da ƙwallo shi ma. Wato linzamin da ya mamaye duniya na kusan shekara talatin, kifaffen linzami mai ƙwallo ne.

Waɗanda suka yi zamanin shagunan intanet da na buga takardu a farkon shekarun 2000 sun san wannan ƙwallon da hannunsu. Kibiya ta fara tsalle-tsalle, sai mai shago ya juya linzamin, ya murɗe zoben da ke ƙasa, ƙwallon roba mai nauyi ya faɗo masa a tafi, ya sa farce ya kankare dattin da ya naɗe a jikin 'yan sandunan ciki, ya hura, ya mayar. Lokacin hunturu kuwa aikin kusan kullum ne.

Shi na asalin, mai ƙwallo a sama, bai ɓace ba, yawo ya shiga. Ya shiga gidajen wasannin bidiyo ta hannun kamfanin Atari, a wasan Football na 1978 da Missile Command na 1980. Ya shiga kwamfutar tafi-da-gidanka: PowerBook na Apple da ya fito a 1991 ya tura allon rubutu baya, ya sa ƙwallo a gaba tsakanin wuraren ɗora hannu biyu, tsarin da kusan kowace laftop ke bi har yanzu, sai dai tun 1994 faifan shafawa ya fara ƙwace gurbin ƙwallon. Ya ma shiga aljihu. Wanda ya riƙe BlackBerry Pearl ta 2006 ko Curve ta farko zai tuna ɗan farin ƙwallon nan da ke ƙasan allo, da yadda yake maƙalewa idan ya sha datti. A kwamfutar tafi-da-gidanka da waya dalili ɗaya ne ya kai shi, ƙarancin fili.

A kan tebur mai faɗi kuwa linzami na yau da kullum ne ya ci kasuwa, kuma da hujja. Ka tura hannu dama, kibiya ta yi dama. Yaro ma cikin minti biyu ya gane. Macintosh ta 1984 ta zo da shi a kwali, Windows ta biyo baya, kafin ƙarshen shekarun 1990 ya zama ba a tunanin kwamfuta ba tare da shi ba. A nan ne kuma hannun mutane ya fara magana.

Ciwon aikin maimaici ba kwamfuta ce ta kawo shi ba. Likitan nan na Italiya, Bernardino Ramazzini, wanda ya wallafa littafinsa kan cututtukan masu sana'a a 1700, ya ƙara babi kan magatakarda da masu kwafar takardu a bugun 1713, inda ya ɗora laifin a kan dogon zama da maimaita motsi ɗaya da hannu ba hutu. Abin da kwamfuta ta yi shi ne ta yawaita masu irin wannan aiki. A tsakiyar shekarun 1980 ƙasar Ostireliya ta ga ambaliyar ƙorafin ciwon hannu daga masu buga rubutu da ma'aikatan tarho, har ta kai ga shari'o'in neman diyya da muhawara mai zafi tsakanin likitoci. Da linzami ya shigo, ya ƙara nasa nauyin. Dubi hannunka a kansa: tafi a kife, wanda ke sa ƙasusuwa biyu na zira'i su gitta juna; wuyan hannu a ɗage yana dannuwa a bakin tebur, yana karkata hagu da dama; gwiwar hannu ta yi nesa da jiki saboda allon rubutu ya tura linzamin can gefe, kafaɗa kuma na ɗauke da nauyin duka awa bayan awa. A cikin wuyan hannun nan akwai wata 'yar ƙunƙuntar hanya da jijiyoyi tara masu lanƙwasa yatsu ke bi tare da jijiyar da ke kai ji ga babban yatsa da manuniya da na tsakiya. Idan wurin ya kumbura, yatsun su fara sagewa.

Nan ne kamfanoni suka waiwayi tsohon ƙwallon soja suka ba shi sabon aiki. Kensington ta fito da Turbo Mouse don masu Macintosh a 1986, babban ƙwallo a tsakiyar akwati, ana juya shi da yatsu. Logitech, da aka kafa a Suwizalan a 1981, ta bi wata hanya a 1989 da TrackMan: jiki mai siffar tafin hannu, ƙaramin ƙwallo a ƙarƙashin babban yatsa, maɓallai inda aka saba da su. Har yau gidajen nan biyu ne, 'yan yatsu da 'yan babban yatsa, kuma kowane ɓangare na ganin ɗayan a ɓace yake. A 1995 Logitech ta cire tayoyin ciki gaba ɗaya a samfurin Marble, ta sa ƙwallo mai ɗigo-ɗigo da idon haske ke karantawa, shekara huɗu kafin Microsoft ta yaɗa linzami mai jan haske a 1999. Samfurin M570 marar waya ya zo a 2010, sai MX Ergo a 2017 mai faifan ƙarfe a ƙasa da ke karkata shi digiri 20, don tafi ya ɗan tashi daga kifewa ya nufi yadda ake miƙa hannu a gaisa.

To, yana magani? A nan ya kamata mai saye ya rage sauraren talla. Logitech ta ce MX Ergo na rage wahalar tsoka da kashi 20 cikin ɗari, amma mai kaya ne ke yabon kayansa. Wani bincike da aka yi a Suwidin aka wallafa a 1999, wanda ya kwatanta linzamin biyu a hannun ma'aikata, ya sami abin da hankali ma zai ba ka: mai ƙwallo ya rage ɗaga kafaɗa da aikin tsokar wuya, amma ya ƙara ɗagewar wuyan hannu. Wato nauyin bai ɓace ba, wuri ya sauya. Wanda kafaɗa da damtse ke damunsa, ko teburinsa ya cika da takardu, zai iya samun sauƙi na gaske, domin gwiwar hannunsa za ta zauna kusa da jiki ba ta zuwa ko'ina. Wanda kuwa gindin babban yatsansa ya riga ya yi tsami saboda latsa waya, in ya sayi na babban yatsa, an gudu ba a tsira ba. Shi na yatsu ne nasa, mai ƙwallo babba kamar na Expert Mouse, milimita 55, maimakon 34 na ƙananan. Babban ƙwallo yana ba da damar raba aikin tsakanin yatsu uku, kuma yawancin irinsa kowane hannu na iya amfani da su, abin da ya sa bahagwai suka fi son su, tun da na babban yatsa kusan duk don hannun dama ake ƙera su.

Akwai kuma kuɗin koyo da ba a rubuta a kwali. Kwanakin farko kibiya za ta riƙa wuce inda ka nufa, jan fayil daga wuri zuwa wuri zai zama aiki, kuma da yawa a nan suke jefa shi a aljihun tebur. Rage saurin kibiya a saitin kwamfuta yana taimakawa har yatsa ya saba. Ƙura ma ba ta bar shi ba: ƙwallon yana zaune ne a kan 'yan duwatsu uku masu santsi, idan ya fara nauyi sai a turo shi ta ramin ƙasa, a goge su da tsumma, a mayar.

A ganina abu ne mai kyau ga wanda ya san takamaiman inda ke masa ciwo, ɓarnar kuɗi kuma ga wanda kujerarsa ta yi ƙasa da teburinsa, yana zama awa huɗu bai miƙe ba. Gyara tsayin kujera da matso da linzami kusa da jiki ba sa cin ko kwabo, a fara da su. In kuwa yatsunka na sagewa har suna tashinka daga barci, ko kofin shayi ya fara suɓucewa daga hannunka, wannan ya wuce sayen linzami, ka je likita ya duba.