Yadda Likitocin Tiyata Na Duniya Suka Haɗa Kai

Uwargida, nasan ko ke ko wata 'yar uwarki an taɓa cewa sai an yi mata aiki, gaban kowa ya faɗi. To yau tarihin masu riƙe wuƙar nan za mu taɓa, kuma da maƙoƙo za mu fara, tunda ba baƙonmu ba ne.

Ƙasar Suwizalan ƙasa ce mai duwatsu, a da abincinta ba shi da isasshen sinadarin aidin, wannan da ake sa mana a gishiri yanzu. Saboda haka maƙoƙo ya yi musu yawa. A birnin Bern akwai wani likita, Theodor Kocher, wanda ya shahara wajen cire shi. A 1874 ya yi wa wata yarinya 'yar shekara 11 aiki, ya cire halittar nan ta cikin wuya da ke kumbura gaba ɗayanta. Ciwo ya warke, kowa ya yi murna. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Yarinyar nan mai kazar-kazar sai ta daina girma, jiki ya yi sanyi, tunani ya yi nauyi, har ƙanwarta ta wuce ta tsawo.

Da labari ya kai wa Kocher, sai ya aika a kira masa waɗanda ya yi wa irin wannan aiki. Mutum 18 suka zo, 16 daga cikinsu na da irin wannan larura. Wani da ya yi gum, don kada sunansa ya ɓaci. Shi kuwa a 1883 ya miƙe a taron likitoci a Berlin ya faɗi abin da ya gani, ya ce a daina cirewa duka. Ni dai wannan ya fi burge ni a kan lambar Nobel da aka ba shi a 1909. Abin lura kuma, a 1882 wani likita a Janeba, Reverdin, ya riga ya ga haka a jikin nasa majinyatan.

Kin ga matsalar ke nan: kowa na yanka a garinsu, kuskuren da aka yi a can sai a maimaita shi a nan, majinyaci ne ke biya. Irin wannan ta sa a 1902 likitocin Beljiyam suka kafa Ƙungiyar Likitocin Tiyata ta Duniya, wadda ake kira ISS, a birnin Brussels. Taron farko a 1905 aka yi shi, Kocher ne ya shugabance shi. Manufarta ita ce kowa ya kawo abin da ya gwada, wanda ya yi kyau da wanda ya ɓaci, a koya wa na baya.

Su wa ke shiga? Da farko Turawa ne galibi, kuma sai manyan likitocin ƙasar mutum sun tsaya masa. Siyasa ma ta sa baki, don bayan yaƙin duniya na ɗaya an rufe wa Jamusawa ƙofa, sai da aka yi shekaru kafin a buɗe. Yanzu kam maza da mata ne daga ƙasashe daban-daban, har da masu koyon aikin. Tun 1977 suke fitar da mujallarsu, a 2024 kuma suka yi taronsu na 50 a Kuala Lumpur, ƙasar Malesiya.

Shi kuwa maƙoƙo, yau ko da larura ta sa an cire halittar duka, akwai ƙwayar da ake sha kullum ta tsaya a madadinta. In an ce za a yi miki wannan aiki, ki tambayi likita ko duka zai cire ko rabi, da maganin da za ki riƙa sha bayan an sallame ki.