Gyaran tamfol da ya yi mummunar yagewa: Abin da ya kamata manoma da 'yan kasuwa su sani

A ƙananan hukumomin arewacin Jihar Kano, irin su Bichi da Ɗambatta da Makoɗa da Tsanyawa da Dawakin Tofa, gona na manne da gona, kuma ana noma kowace shekara ba tare da an bar ƙasa ta huta ba. Gonakin ƙanana ne, saboda haka asarar buhu biyu ko uku na gero ko gyaɗa babban giɓi ne ga magidanci. Tamfol na cikin kayan da ke tsare wannan amfani. A kansa ake shanya da sussuka, da shi ake rufe buhunan da ke jiran mota, shi ne kuma rufin tirelolin da ke lodi a Kasuwar Dawanau. Idan ya yage, mai shi kan rasa abin yi tsakanin kai shi gyara da sayen sabo. Abin da ke yanke hukunci a nan shi ne ƙarfin da ya rage a jikin yadin, domin faci ba ya fin abin da aka ɗora shi a kai ƙwari.

Asali da ire-irensa

Sunan tamfol aro ne daga Turanci, kuma tushensa yadi mai kauri da matuƙan jiragen ruwa ke shafa wa kwalta don kare kaya daga ruwa. Kano ta daɗe da saninsa. Bayan layin dogo ya iso birnin a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, daga baya kuma aka riƙa jera buhuna ana yin dalar gyaɗa, ana lulluɓe ta da tamfol kafin jirgin ƙasa ya kwashe.

A yau iri uku ne suka fi yawa a kasuwa, kuma kowanne da irin gyaransa. Na farko shi ne na leda, wanda ake saƙawa da siraran zaren roba kamar buhun taki, a shafe fuskokinsa biyu da leda. Ba shi da nauyi kuma ya fi araha, amma rana na saurin cinye shi, gam kuma ba ya kama shi sosai. Na biyu shi ne mai kauri na manyan motoci, wanda cikinsa saƙar zare ce mai ƙarfi da aka lulluɓe da roba. Wannan yana karɓar gam, ana kuma iya narkar da fuskarsa da iska mai zafi a manne. Na uku shi ne na auduga, mai barin iska ta ratsa, wanda babban abokin gabarsa danshi ne, domin yana ruɓewa idan aka naɗe shi a jiƙe.

Me ya sa ƙaramar huda ke jawo babbar asara

Ruwan sama a Kano ya fi ƙarfi a watan Agusta, kuma ruwan ƙarshen damina kan riski gero da gyaɗa a wurin shanya. Hatsin da ya sha danshi yana yin funfuna, wani nau'in funfunar kuma na haifar da gubar da ake kira afulatoksin, mai illa ga hanta, wadda dafuwa ba ta kawar da ita. An gano wannan guba ne bayan mutuwar talo-talo kimanin 100,000 a Ingila a 1960, sakamakon abincin da aka haɗa musu da gurɓatacciyar gyaɗa. Masana na ba da shawarar kada danshin masara da dawa ya wuce kashi 13 cikin 100 a lokacin ajiya, na ɓararriyar gyaɗa kuma kada ya wuce kashi 7 zuwa 8. Ɗigon da ke sauka a kan buhu ɗaya tsawon mako guda ya isa ya ɓata wannan lissafi, kuma masu sayen riɗi da gyaɗa don fitarwa waje kan ƙi karɓar kayan da suka yi funfuna.

Darasi daga masu gyaran laimar sauka

Babu sana'ar da ta tsaurara ƙa'idar gyaran yadi kamar ta masu kula da laimar da ake dirowa da ita daga jirgin sama, irin wadda sojojin Najeriya ke samun horo a kanta a Jaji. Dalili a fili yake: ran mutum ne ke rataye a jikin ɗinkin. A Amurka, dokar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta raba gyara gida biyu, ƙarami da babba. Babban gyara shi ne wanda idan aka yi shi ba daidai ba zai iya hana laimar aiki, kuma a cikin masu wannan sana'a sai wanda ya kai matakin ƙoli, bayan aƙalla shekara 3 yana aikin, ke da izinin yin sa. Laimar ko-ta-kwana kuwa dole a buɗe ta, a duba, a sake naɗewa duk kwana 180, ko da ba a yi amfani da ita ba.

Waɗannan ƙwararru ba sa fara ɗinki sai sun gwada yadin. Sukan maƙale shi da maɗamka biyu, su ja shi da nauyin fam 40, wato kusan kilo 18, na daƙiƙa 3. Idan ya tsage, batun faci ya ƙare. Idan ya jure, sai su yanke wurin da ya lalace, su kawo ƙyalle irin na asali, su daidaita saƙarsa da ta laimar, su kalmashe bakinsa, su yi ɗinki layi biyu. Idan ɓarnar ta yi yawa, sukan cire ɓangaren gaba ɗaya su sa sabo, maimakon tara faci a kan faci. Mai ɗinkin tamfol a Bichi ko Dawanau ba ya buƙatar lasisi, amma waɗannan ƙa'idoji sun shafi aikinsa kai tsaye.

Matakan gyara

Mataki na farko shi ne bincike. A shimfiɗa tamfol a wanke shi, a bar shi ya bushe sarai, sannan a ɗaga shi a rana mutum ya shiga ƙarƙashi. Duk inda haske ya ratso, a yi masa alama da alli. Daga nan a kama yadin kusa da yagewar a ja da hannu biyu, a kuma danna da babban yatsa. Idan ya ƙara tsagewa cikin sauƙi, ko yana zubar da gari, ko ledar na ɓarewa, rana ta riga ta gama da shi.

Idan yadin na da sauran ƙarfi, a datse zarurrukan da suka barbaje, a daidaita bakin yagewar. Facin ya kasance daga irin tamfol ɗin, domin leda da auduga ba sa miƙewa daidai a zafi da sanyi. Ya zarce yagewar da kamar faɗin tafin hannu ta kowane gefe, musamman a ƙarshenta biyu, inda tsagewa ke ci gaba. Zaren tsaye na facin ya bi zaren tsaye na tamfol, na kwance ya bi na kwance. Doguwar yagewa tana buƙatar faci ciki da waje.

Wajen ɗinki, zaren auduga na ruɓewa, don haka zaren roba mai kauri ya fi dacewa, ko da keke za a yi aikin ko da basilla. A tamfol na leda, ɗinki ya zama mai tazara, domin huda kusa da kusa na mayar da layin tamkar takardar rasit da aka tanada don yagewa. A yi layi biyu, a kuma koma baya a farko da ƙarshe don kada ya warware. A tamfol na mota, mannewa da iska mai zafi ko gam ɗin da aka yi domin irin robar ya fi ɗinki, tunda ba ya barin huda. A nan sai a goge wurin tas daga ƙura da maiƙo, a yanke kusurwoyin facin su zama masu zagaye don kada su ɗago. A na auduga kuwa, ana shafa kakin zuma a layin ɗinkin don toshe ramukan allura.

Idan za a haɗa ɓangare biyu, na sama ya hau kan na ƙasa kamar yadda ake jera kwanon rufi, ruwa ya gangara ba tare da ya sami hanyar shiga ba. Gefe da kusurwa su ne ke ɗaukar jan igiya da bugun iska, saboda haka a ninka su, a zura igiya cikin kalmasar. Inda zoben ƙarfe ya fizge, kada a huda sabon rami a yadi falle ɗaya. A ƙara ƙyalle tukuna, ko a ƙunsa ƙaramin dutse mai santsi a cikin yadin a ɗaure igiya a wuyansa. Bayan an gama, a karkata tamfol ɗin a kwarara masa ruwa, a duba ƙarƙashinsa kafin a amince masa da hatsi.

Lokacin haƙura da gyara

Akwai tamfol ɗin da gyaransa asarar kuɗi ce: wanda ya faɗi gwajin ja, wanda yagewarsa ta ratsa daga gefe zuwa gefe tare da wasu hudoji, da wanda kuɗin gyaransa ya kusa kai na sabo. Irin wannan ba a jefar da shi. Ana mayar da shi rumfar inuwa, ko murfin itace da kara a rani, ko a yanka wuraren da ke da ƙwari a ajiye don faci. Wanda maganin feshi ko fetur ko ruwan batir ya zuba a kansa kuwa, bai dace a sake shanya abinci a kai ba, ko da bai yage ba.

Kulawa kafin ɓarna

Rigakafi ya fi magani. Yawancin yagewa na farawa ne daga jan tamfol a kan kututturen kara, ko kaifin bodin mota, ko sakin gefe iska na kaɗawa a kan hanya. A share wurin shimfiɗa, a sa tsumma ko tsohon buhu a kan kusurwoyi masu kaifi, a ɗaure ko'ina tamau. Buhuna su hau kan katako, murfin ya kasance da gangara don kada ruwa ya kwanta, a kuma riƙa buɗe shi idan gari ya washe, domin hatsi na yin gumi a ƙarƙashin leda. Idan kaka ta wuce, a busar da shi, a naɗe, a rataye a inuwa inda ɓera da gara ba za su kai ba. Lokacin da ya fi dacewa a duba shi a kai gyara shi ne bazara, kafin hadarin farko ya haɗu.