Tarihin Mallakar Gida a Ƙasar Daura

A ƙasar Daura, kamar sauran ƙasashen Hausa, gini daban ya ke, ƙasar da ginin ke bisa kuma daban. Mutum ya kan ce gida nasa ne, ya kuwa faɗi gaskiya. Amma in aka tambaye shi mai ƙasar, sai magana ta yi tsawo. Tun zamanin da, ƙasa amana ce a hannun mai mulki. Abin da ya yi ta sakewa shi ne hannun da ke riƙe da amanar, da kuma sharuɗɗan zama a kanta.

A zamanin sarakunan Haɓe, in baƙo ya zo yana son zama, sai mai masaukinsa ya kai shi wurin mai unguwa ko dagaci. Ya yi gaisuwa, a nuna masa fili, ya kewaye ya yi gini. Ba takarda, ba wa'adi. Shaidunsa su ne maƙwabta da dattawan unguwa. Muddin yana zaune yana biyan kuɗin ƙasa ba mai tā da shi, in ya rasu kuwa 'ya'yansa su gāda. Amma in ya yi ƙaura, gida ya zama kango har shekaru suka shuɗe, sai fili ya koma hannun sarauta a ba wani. Ban da wannan akwai aro da jingina. Nan ne rikici ya kan ɓullo, don in aro ya daɗe, shaidu suka mutu, sai jikokin mai aro su ce gādo ne.

Bayan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara jihadi cikin 1804, Malam Isiyaku ya karɓi tuta ya ci Daura. Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa suka zauna a Zango da Ɓaure. Malaman jihadi suka ƙarfafa hukuncin Malikiyya a kan sha'anin ƙasa, har Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi a kan raya matacciyar ƙasa. Hukuncin kuwa shi ne, wanda ya raya fili da gini, ko haƙa rijiya, ko dasa itace, ya fi kowa cancanta da shi, amma in filin kusa da gari ya ke sai da izinin shugaba. Akwai kuma shufa'a. Watau in mutane suna tarayya a gidan da ba a raba ba, ɗaya ya sayar wa bare da rabonsa, sauran suna da ikon biyan kuɗin su karɓe. Har yau alƙalai suna hukunci da wannan.

Cikin 1903 Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato. Gwamna Lugga ya shaida wa manyan Sakkwato cewa ikon da sarakuna suka samu da yaƙi ya koma hannun Turawa, har da ikon ƙasa. A Daura kuwa suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mayar da sarauta gidan Haɓe. Sa'an nan a zamanin Gwamna Girouard aka kafa kwamiti a London cikin 1908 don ya bincika yadda mutanen Arewa ke riƙe da ƙasa. Kwamitin ya ga cewa in aka bar ƙasa ta zama hajar ciniki, masu kuɗi da kamfanoni za su saye ta, talaka ya koma ɗan haya a gonar ubansa. Saboda haka aka yi doka cikin 1910, aka sāke ta cikin 1916, wadda ta sa ƙasar Arewa a hannun Gwamna, ya riƙe ta don amfanin 'yan ƙasa.

Daga nan ne aka fara abin da a ke kira haƙƙin zama. Gwamna ya kan ba mutum fili na wasu shekaru ƙididdigaggu, ya riƙa biyan kuɗin haya, a ba shi satifiket. Kamfanoni da baƙi su ne yawancin masu karɓar wannan takarda. Talakawa kuwa suka ci gaba da zamansu bisa al'ada a ƙarƙashin En'e. Haka abin ya ke a yawancin zamanin Sarkin Daura Abdurrahman, wanda ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966. Cikin 1962, sa'ad da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ke Firimiya, Majalisar Jihar Arewa ta yi sabuwar doka, ta mayar da ikon ƙasa hannun Minista, amma tushen bai sāke ba.

Babbar sākewa ta zo bayan an rushe En'e cikin 1976, aka kafa ƙananan hukumomi. Ran 29 ga watan Maris 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa a Nijeriya duka, an kuwa ɗauko yawancinta daga dokar Arewa ta 1962. Aka sa ta cikin tsarin mulki na 1979 da na 1999, don kada a sāke ta da sauƙi. Dokar ta ce ƙasar kowace jiha amana ce a hannun Gwamnan jihar. Tun da aka cire Jihar Katsina daga Kaduna cikin 1987, amanar ƙasar Daura tana hannun Gwamnan Katsina. Filayen da aka ayyana na birni shi ke bayarwa. Na karkara kuwa ƙananan hukumomi ke bayarwa, watau Daura, Zango, Ɓaure, Mai'aduwa da Sandamu. Dokar ba ta ba sarakuna ikon raba fili ba, ko da ya ke shaidar dagaci da mai unguwa tana da nauyi har yanzu wajen sanin asalin gida.

To, wannan tarihi ya bar wa mai sayen gida abubuwa huɗu da ya kamata ya lura da su.

Na farko, wa'adi. Satifiket na gidan zama yawanci shekara 99 ne, lissafi kuwa daga ranar da aka fara bayarwa ya ke, ba daga ranar ciniki ba. In an ba mutum takarda cikin 1990, wani ya saya cikin 2020, to, shekara 69 suka rage masa. Gini ya saya, da sauran shekarun zama.

Na biyu, yardar Gwamna. Sashi na 22 ya hana sayarwa, ko jingina, ko ba da irin wannan gida haya mai tsawo, sai da yardarsa, sashi na 26 kuwa ya ce cinikin da aka yi ba da ita ba ɓatacce ne. Cikin 1989 Kotun Ƙoli ta yanke shari'a tsakanin bankin Savannah da wani mai suna Ajilo, wanda ya jinginar da gidansa a Jihar Legas ba da yardar Gwamna ba. Kotu ta ce jinginar ba ta ƙullu ba. Ta kuma bayyana cewa har masu gidajen da suka riga dokar 1978 a birni, sharaɗin ya hau kansu. Wannan hukunci ya shafi tsofaffin gidajen birnin Daura kamar yadda ya shafi na Legas.

Na uku, asalin gida. Cikin 1990, a shari'ar Ogunleye da Oni, Kotun Ƙoli ta nuna cewa satifiket ba ya kashe haƙƙin wanda ya riga ya mallaki wurin bisa ƙa'ida. Don haka takarda kaɗai ba ta isa ba. Sai mai saye ya bincika a ofishin filaye, ya tambayi dattawan unguwa, in kuma gidan gādo ne ya tabbata an raba, ko magāda duka sun sa hannu, don kada shufa'a ta biyo shi.

Na huɗu, sharuɗɗan zama. Mai satifiket zai riƙa biyan kuɗin ƙasa, Gwamna kuwa yana da ikon ƙara shi. Ƙarin gini, ko mai da gida kantuna, sai da izinin hukuma. Gwamna yana iya soke haƙƙin zama in an karya sharaɗi, ko in ana bukatar wurin don aikin jama'a, kamar hanya ko asibiti. In don aikin jama'a ne a kan biya diyya, amma diyyar ta gini ce da amfanin da ke kai, ba ta ƙasa ba.

Saura maganar ƙarin wa'adi. A Ingila, inda irin wannan zama na shekaru ya daɗe, sai da majalisa ta yi doka cikin 1967 ta ba masu gidaje ikon saye ƙasar ɗungum, ko ƙarin shekara 50. Dokar 1978 ba ta yi irin wannan alkawari ba. Wanda wa'adinsa ya kusa cika sai ya rubuta ya roƙi sabuntawa, amsa kuwa tana hannun Gwamna. Takardar da aka bayar cikin 1930 wa'adinta na cika cikin 2029, ta 1980 kuwa cikin 2079. Watau wanda ya karɓa ba shi ne zai ga ƙarshenta ba, jikokinsa ne.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Mai hankali ya kan adana satifiket da rasit na kuɗin ƙasa inda gara da ruwa ba su kai, ya nuna wa 'ya'yansa wurin, ya kuma gaya musu shekarar da wa'adi zai cika. A zamanin da, dattawan unguwa ke riƙe wa gida tarihinsa a kā. Yanzu kuwa takarda ce ke riƙe da shi, wanda ya iya karatu kuma shi ke iya tsare gidan ubansa.