Goɗiya da Tarihin Doki a Ƙasar Karaye

Duk wanda ya kalli hawan Sallah a Karaye, ingarmu yake gani. Ba a hawan goɗiya a gaban sarki, shi ya sa masu ba da tarihi ma suke tsallake ta.

Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji (1390 zuwa 1410), wanda ya kawo lifidi da kwalkwali, yana aika wa Kwararafa dawaki, su kuma su aiko masa da bayi. Manyan dawaki daga Barno da Azbin ake kawo su, amma sauran a turakan gida ake haifarsu, kuma wannan aiki ne na mai haƙuri. Cikin goɗiya wata 11 ne, ɗa guda tak. Tana neman namiji kusan bayan kowane kwana 21, na 'yan kwanaki kaɗan. In aka kuskure, sai a jira wani karon. Ramammiya ba ta cika ɗaukar ciki ba, don haka kafin a kai ta baye sai an ƙosar da ita da harawa da dawa, ga kanwa. Abin da ya fi ba ni mamaki, kwana goma da haihuwa tana iya sake karɓar ingarma, duƙushi yana biye da ita.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, yaƙi a kan doki ya ƙare, daga baya babur ya karɓe sufuri. Dokar 2024 ta haɗa Karaye da Rogo a masarauta guda. Mahaya kam muna da su. Masu kiwon goɗiya ne nake jin tsoron su ƙare.