Yadda Digiri Ya Zama Ƙofar Tuƙin Jirgin Yaƙi a Amurka

A Amurka ta yau, matashin da ya gama jami'a, ko tarihi ya karanta ko aikin akanta, yana iya neman gurbi a Makarantar Horon Hafsoshi ta rundunar sojin sama, wadda suke kira OTS, a sansanin Maxwell da ke jihar Alabama. Zai yi kimanin wata biyu yana shan horo, a ba shi muƙamin ƙaramin laftana, sannan a tura shi koyon tuƙin jirgi. Wanda ba shi da digiri kuwa, komai kaifin idonsa da ƙarfin zuciyarsa, rundunar ba za ta damƙa masa jirgin yaƙi ba. Wannan ƙa'ida ba ta kankama ba sai a 1961, bayan an shafe shekara hamsin ana ɗaga sharaɗin ilimi ana sauke shi, gwargwadon zaman lafiya ko tashin yaƙi.

Da hafsoshi masu ilimi aka fara. A 1909 sojan Amurka ya sayi jirginsa na farko daga hannun 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, a kan dala 30,000, da sharaɗin su koya wa hafsoshi biyu tuƙi. Frank Lahm da Frederic Humphreys aka zaɓa, dukansu yayayyun makarantar soja ta West Point. A filin College Park da ke jihar Maryland, Wilbur ya yi wa kowannensu darasin wajen awa uku a sama, ranar 26 ga Oktoba suka tashi su kaɗai. Jirgi ɗaya, matuƙa biyu, babu wanda ya damu da tsarin ɗaukar mutane.

Yaƙin Duniya na Farko ne ya sauya lissafin. Da Amurka ta shiga a 1917, ta iske hafsoshin da take da su ba za su ishe ta ba, sai ta buɗe makarantun share fage a jami'o'i takwas, ciki har da Cornell da Princeton da MIT, ta riƙa ɗauko samari farar hula tana koya musu inji da yanayi da karatun taswira kafin su taɓa jirgi. Daga nan tsarin kadet na tuƙi ya samo asali: a fara koya wa yaro tuƙi, in ya ci, a ba shi fikafikan matuƙi da muƙamin hafsa tare. Bayan yaƙi aka tsaurara. Sai mai shekara biyu a jami'a ko wanda ya ci jarrabawa daidai da hakan, kuma ba mai aure ba. Shahararren matuƙin nan Charles Lindbergh, wanda ya bar jami'a bai gama ba, ta tsarin kadet ya bi. Sama da mutum ɗari suka fara a ajinsu, ƙasa da ashirin suka kammala a 1925, shi ne na ɗaya.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo. A watan Mayun 1940 Shugaba Roosevelt ya nemi a riƙa ƙera jirage 50,000 a shekara, alhali matuƙan da ake yayewa kafin yaƙi 'yan ɗaruruwa ne. Makonni kaɗan bayan harin Japan a Pearl Harbor, a Janairun 1942, aka soke sharaɗin jami'a, aka maye gurbinsa da jarrabawar gwajin basira, aka kuma sauko da shekarun shiga zuwa 18. Ana neman matuƙa ruwa a jallo, don haka 'ya'yan manoma da yaran gareji suka samu shiga. Daga 1939 zuwa 1945 an yaye matuƙa fiye da 190,000. Sai dai gaggawar ta jawo asara: kusan mutum 15,000 suka mutu a haɗurran jirgi cikin Amurka kanta, ba su ko ga filin daga ba.

Cikin waɗanda wannan ƙofa ta buɗe wa akwai Chuck Yeager, ɗan ƙauye daga jihar West Virginia. Da takardar sakandare ya shiga soja a 1941, bakanike, yana kwance inji yana ɗaurawa. Ta shirin koya wa saje-saje tuƙi ya samu fikafikansa a 1943, ya yi yaƙi a Turai, kuma ranar 14 ga Oktoban 1947 ya zama mutum na farko da ya zarce gudun sauti, cikin jirgin Bell X-1. A wannan yaƙin ne kuma baƙaƙen fata suka fara samun damar tuƙi a sojan Amurka, a Tuskegee, duk da cewa a keɓe aka horar da su saboda wariyar launin fata. Ajin farko ya fita a Maris 1942, cikinsu har da Benjamin Davis ƙarami, kuma kafin a rufe shirin an yaye kusan matuƙa dubu.

To me ya sa aka rufe hanyar da ta haifi irin waɗannan mutane? A Satumban 1947 sojan sama ya rabu da sojan ƙasa ya zama runduna mai cin gashin kanta, ta kuwa tsinci kanta da ɗimbin hafsoshi gwanayen tuƙi waɗanda ba su taɓa zama ajin jami'a ba. Aikin kuma ya canza. Jiragen sun koma masu injin jet, ɗauke da na'urar hango abokan gaba da makaman nukiliya, ga makamai masu linzami, ga Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957. Manyan rundunar suka yi la'akari da cewa shekarun da matuƙi zai yi a kujerar jirgi ƙalilan ne. Daga baya zai shugabanci ɗaruruwan mutane, ya tsara kasafin kuɗi, ya zauna da injiniyoyi da 'yan majalisa. Suka yanke cewa a fara samun hafsa mai ilimi, tuƙi ya biyo baya. A 1954 Shugaba Eisenhower ya sa hannu aka kafa kwalejin sojan sama a jihar Kolorado, ajin farko ya fita a 1959. A shekarar nan aka buɗe OTS a sansanin Lackland na jihar Tekzas, musamman don waɗanda suka riga suka gama jami'a. Kadet na ƙarshe ya karɓi fikafikan matuƙi a 1961, masu lura da hanyar jirgi kuma aka rufe nasu a 1965.

A ganina hujjarsu tana da ƙarfi, amma an yi asara, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Digiri ba ya koya wa hannu riƙon sitiyari, kuma a Amurka kuɗi mai yawa ake kashewa kafin a same shi, don haka ɗan talaka mai baiwa shi ne ya fara faɗuwa a wannan shinge. Yeager kansa, lokacin da ake zaɓen 'yan sama jannati na farko a 1959, bai cika sharaɗi ba saboda rashin digiri. Sojan ƙasa na Amurka bai bi wannan ra'ayi gaba ɗaya ba; har yau yana ɗaukar wanda ya gama sakandare ya koya masa tuƙin jirgi mai saukar ungulu.

Cikin hanyoyi ukun zama hafsa, wato kwalejin Kolorado, da horon soja da ɗalibi ke yi yana cikin jami'a, da OTS, ta ukun ce ke aiki kamar famfo: in buƙata ta tashi a buɗe, in ta lafa a matse. Biyun farko shekara huɗu suke ɗauka kafin su fitar da mutum, ita kuwa watanni. A shekararta ta farko mutum ɗari uku da 'yan kai ta yaye. A 1967, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, ta yaye kusan 8,000. A 1993 aka mayar da ita Maxwell. Wannan aiki irin na famfo ne ya sa mai neman tuƙi ta OTS ya fi kowa shan gasa a lokacin zaman lafiya, don sai abin da sauran biyun suka rage yake samu.

Mai nema a yau zai rubuta jarrabawar hafsoshi, ya zauna gaban kwamfuta a gwada yadda hannunsa da ƙafarsa da idonsa ke aiki tare, a haɗa da awannin tuƙin da ya taɓa yi a fitar masa da maki, likitoci kuma su bincike shi ciki da waje. In ya tsallake OTS, ranar da aka ba shi muƙami, ƙaramin sojan da ya fara sara masa zai karɓi tsabar dala ta azurfa daga hannunsa, al'ada ce tsohuwa. Daga nan sai kimanin shekara guda a sansanin Columbus ko Laughlin ko Vance ko Sheppard, a fara da jirgin T-6 mai farfela. Da sassafe malami zai tsayar da ɗalibi a gaban aji ya ce injinka ya kama da wuta, me za ka yi? Dole ya kawo matakan da ka, bi da bi. Ya yi tuntuɓe, a zaunar da shi, ranar ba zai tashi ba. Ranar da ya fara tashi shi kaɗai kuwa, yana sauka abokansa za su ciccibe shi su jefa cikin tankin ruwa. Mata sun shiga wannan layi a makare: goma na farko sun samu fikafikansu a 1977, Jeannie Leavitt kuma ta zama ta farko da aka ba jirgin yaƙi bayan ɗage takunkumin hana mata tuƙa shi a 1993. Duk wanda ya kammala, akwai alkawarin shekara goma na aiki a wuyansa.

Najeriya ta fi karkata ga ɗaukar yaro tun daga sakandare. An kafa rundunar sojin samanta da makarantar NDA ta Kaduna a 1964, kuma akasarin matuƙanta ta NDA suke bi, su yi digiri da horon soja tare, sannan su wuce makarantun tuƙi na Kaduna da Kano. Wasu akan tura su waje ƙaro sani, kamar matuƙan jiragen Super Tucano 12 da aka kawo a 2021, waɗanda suka yi horo a sansanin Moody na jihar Jojiya. OTS kuwa sai ɗan ƙasar Amurka take ɗauka. Saboda haka iyaye da malamai, in kun ga yaro ko yarinya da sha'awar wannan aiki, ku tsaya musu a kan lissafi da kimiyya da Turanci tun daga aji ɗaya na sakandare, ku kuma kula da lafiyar idonsu.