Layi Ɗaya, Mabuƙata Da Yawa: Yadda Intanet Ta Iso Tamale

Intanet ta shigo Gana a 1995 ta hannun kamfanin NCS na Dakta Nii Quaynor, amma a Accra ta yada zango. Mu da muka yi aikin haɗa kwamfutoci a shagunan kafe na Tamale a farkon shekarun 2000, da layin tarho muka fara. Modem ya yi ta ƙugi kafin ya kama, ƙarfinsa kuma bai wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba, shi ma sai a takarda.

Wayar SAT-3 ta ƙarƙashin teku ta fara aiki a 2002, sai dai tsakaninta da mu tafiyar wajen kilomita 600 ce. Don haka masu hali suka kafa faifan VSAT a bayan shago. Saƙo ya hau tauraron ɗan'adam mai nisan kusan kilomita 36,000, sannan ya sauko. A nan muka san bambancin layin da aka keɓe maka da layin tarayya. Na keɓe ya fi ƙarfin aljihun mai kafe, sai ya sayi na tarayya. Kamfani yakan sayar wa mutane da yawa ƙarfi guda, bisa zaton ba za su hau lokaci ɗaya ba. Mai kafe kuma ya sake kasa rabonsa. Kilobit 64 a kan kwamfuta 16, kowace ta tashi da huɗu ke nan. Tamkar famfon unguwa ne: da asuba ya cika bokiti nan take, da kowa ya buɗe nasa sai ɗigo.

An fi jin jiki lokacin cike takardar cacar bizar Amurka, wadda ta koma ta intanet a 2003. Shago ya cika maƙil, mutum ya biya kuɗin awa guda, hotonsa ya hau rabi ya tsaya cik. "Maigida, ba ya tafiya!" Sai ka zagaya bayan kujeru kana leƙa allo, har ka gano yaron da ke sauke waƙa a lungu, ka lallashe shi ya dakata. Dabararmu ita ce manhajar Squid, mai ajiye shafin da wani ya riga ya buɗe, kamar na Yahoo, don kada na gaba ya sake jawo shi daga ƙetare. Masu aiki mai nauyi kuwa mukan ce su dawo bayan sha biyun dare. Ko a Amurka, inda intanet ke bin wayar talabijin, unguwa guda ke raba waya ɗaya, da yamma kuma ta yi nauyi.

Daga baya wayar faiba ta iso arewacin Gana, wayar MainOne ta ƙarƙashin teku ta sauka Accra a 2010, ta WACS a 2012, wayar hannu ta kwashe kasuwar kafe. Amma rabon bai ƙare ba, ya koma kan turakun sadarwa ne, shi ya sa bidiyo ke sarƙewa bayan isha'i a unguwannin Zongo da Lamashegu. Saboda haka duk shugaban makaranta ko ofishin da zai sayi layi, kada lambar da ke jikin talla ta ruɗe shi. Ya tambayi mutum nawa ne a kan layin, da ƙarfin da aka lamunce masa a lokacin cunkoso, kuma a rubuta masa amsar cikin yarjejeniya kafin ya biya.