Gahawa Daga Yaman Zuwa GRA

Sufayen Yaman ne suka yaɗa shan gahawa a ƙarni na 15, don su raya dare da zikiri. Gwamnan Makka, Khair Beg, ya hana shanta a 1511, amma hanin bai yi ƙarko ba. Da ta isa Italiya, Angelo Moriondo ya yi rajistar injin dafa ta da tururi a 1884. A ƙarshen shekarun 1940 injin Gaggia ya fito da esfireso, wato ɗan kurɓin nan mai kauri da kumfa.

Yau injin ya shigo wasu gidajenmu na GRA a Katsina, amma iyayenmu kan kurɓa su yamutsa fuska. Ba ɗacin suke gudu ba, domin fatakenmu har Gwanja suka riƙa zuwa neman goro. Rashin sabo ne. Larabawa sun haɗa gahawa da dabino, mutanen Italiya da sukari da madara. Mu ma mu yawaita madara, mu jefa citta da kanumfari, mu miƙa wa Hajiya da hantsi, kada mu hana ta barci.